Daga Akra Zuwa Elmina: Hanyar Da Ba A Barci A Kanta

Idan kuka buɗe taswirar Afirka ta Yamma, ku sa yatsa a kan Legas ku bi gaɓar teku zuwa yamma. Za ku ratsa Kwatano, ku wuce Lome, ku shiga Akra babban birnin Gana, wanda tsofaffin fatakenmu ke kira Ankara. Titi guda ne ya haɗa su, kuma bai tsaya ba sai Abijan. A cikin Gana sunansa N1. Yankin da za mu bi yau shi ne daga Akra zuwa Elmina, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai. Idan babu cunkoso, awa uku ta isa.

Yawancin ɗaliban da ake kai wa yawon buɗe ido ta wannan hanya barci suke yi tun daga tasha, sai an iso babban sansanin Cape Coast a tashe su, su ɗauki hoto, a juyo. A ganina sun yi asarar rabin kuɗin mota. Titin kwalta ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, amma tarihin wurin ba haka ya bi ba. Daga arewa ya gangaro zuwa teku. Kusan kowace mararraba da za ku wuce bakin wata tsohuwar hanyar ƙafa ce da ta fito daga cikin ƙasa, wadda zinariya ta bi, bayi suka bi, sojoji suka bi, 'yan kasuwa suka bi. Wanda ya riƙe wannan a ransa, duk inda motar ta rage gudu zai sami abin kallo.

Motocin Cape Coast a tashar Kaneshie ake shigarsu. Ku nemi kujerar taga ta ɓangaren direba, wato hagu, domin ta nan teku zai riƙa leƙo ku. Kafin ma ku fita gari za ku ji yaron mota yana kiran "Mallam", sunan wata babbar mararraba da unguwar da ke kewaye da ita. Kunnenku bai yi ƙarya ba. A bakin titi kuma ga mata da manyan tukwane suna sayar da abin da suke rubutawa waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wake, ga koko da ƙosai da sunayensu yadda muka san su, ga tuo zaafi, wato tuwon zafi. Waɗannan sunaye sun shiga bakin mutanen Gana ne ta zango, unguwar baƙi 'yan arewa da ake samu a kusan kowane babban gari na ƙasar, inda Hausa ce harshen ciniki da na masallaci.

Kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Akra sai Kasoa. Ku maimaita sunan a hankali: kasuwa. 'Yan kasuwar da suka zo daga arewa ne suka kira wurin haka, sunan ya bi shi har ya danne sunansa na gargajiya, Odupong Kpehe. Yau Kasoa ta cika ta batse, domin dubban ma'aikatan Akra a nan suke kwana saboda tsadar haya a cikin birni. Sakamakon haka shi ne cunkoson da ake ba da labarinsa. Wanda ya bar Kaneshie da hantsi ranar Asabar, to ya yi guzurin haƙuri. Gaba kaɗan akwai Buduburam, inda aka buɗe sansanin 'yan gudun hijirar Laberiya a 1990, lokacin yaƙin basasarsu. Daga nan gidaje ke fara raguwa, sai fili da ciyawa da tsirarun itatuwa. Za ku yi mamakin cewa wannan yanki na bakin teku bai da duhun daji. Ruwan saman da yake samu bai kai na cikin ƙasa ba.

A mararrabar Winneba akwai shataletale, hannun hagu ya gangara cikin garin a bakin ruwa. Winneba ta yi suna da jami'ar horar da malamai, da kuma bikin Aboakyer na mutanen Efutu da ake yi Asabar ta farkon watan Mayu. Samarin garin kan kasu gida biyu, su shiga daji da sassafe, kowane ɓangare na neman ya riga ɗaya kamo mazo da rai, da hannu, ba bindiga ba kibiya. Waɗannan ƙungiyoyi ana kiransu asafo. Ku riƙe kalmar, za mu sake haɗuwa da ita.

Bayan Winneba sai mararrabar Apam, inda mutanen Holan suka fara gina wani ƙaramin sansani a 1697. Aikin ya ja musu shekaru, har suka raɗa masa suna da ke nufin haƙuri. Daga nan hanyar ta shiga ƙasar Ekumfi, kuma hancinku ne zai fara gaya muku. Abarba ce jibge a kan tebura a bakin titi, doguwa, bayanta kore ko da ta nuna, cikinta fari, zaƙinta kamar an zuba sukari. Idan direban mai kirki ne zai tsaya. Za ku kuma ga samari suna ɗaga gyazbi ta wutsiya suna nuna wa masu mota. Wannan kam kowa da abin da ransa ke so. Kuɗin da za ku biya sunansa sidi, kuma asalin kalmar a harshen Akan tana nufin wuri, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi.

Mankessim ba ta bakin teku, amma ita ce cibiyar Fante, mutanen da suka fi yawa a wannan gaɓa. Labarin da suke bayarwa shi ne kakanninsu sun taso daga Techiman can arewa, ƙarƙashin jagorori uku: Obrumankoma da Odapagyan da Oson, waɗanda ake alamta su da babban kifin teku da gaggafa da giwa. Za ku ga gumakansu a shataletalen garin. Kun ga ke nan su kansu masu gaɓar daga cikin ƙasa suka gangaro. A nan ne kuma sarakunan Fante da 'yan bokonsu suka ƙulla ƙawance a 1868, suka rubuta tsarin mulki a 1871, da tanadin majalisa da makarantu da hanyoyi. Turawan Ingila da ke Cape Coast suka kama wasu daga cikin jagororin, abin ya watse. Ku lissafa: shekara 86 ke nan kafin Gana ta sami 'yanci.

Cikin garin, nesa kaɗan da titi, akwai wani gini mai hawa-hawa da aka yi wa fenti kala-kala, cike da siffofin mutane da dabbobi na siminti. Sunan irinsa posuban, kuma shi ne matattarar ƙungiyar asafo. A da asafo su ne mayaƙan gari. Kowane namiji na shiga ƙungiyar mahaifinsa, kowace ƙungiya da lambarta da tutarta da gangarta. Siffofin nan ba ado ba ne kawai, habaici ne. Idan wata ƙungiya ta sa zaki a kan gininta, tana gaya wa abokiyar hamayyarta magana ne, kamar yadda kirarin 'yan dambe yake a wurinmu. Wasu gine-ginen an yi su da siffar jirgin ruwan yaƙi, da sojojin siminti a tsaye a kai. Fante sun kwaikwayi tuta da lamba daga Turawan sansani, suka mayar da su nasu. Idan za ku ɗauki hoto ku nemi izini, akwai mai kula da wurin, kuma yakan so a ba shi na goro.

Daga Mankessim titin ya karkata zuwa ruwa, sai Saltpond. Gari ne shiru, mota kan wuce shi cikin minti kaɗan, amma a nan aka kafa jam'iyyar UGCC ranar 4 ga Agusta 1947, wadda ta fara neman mulkin kai a fili. Ita ce ta kira Kwame Nkrumah daga Landan ya zo ya zama sakatarenta. Bai cika shekara biyu ba ya ɓalle ya kafa tasa jam'iyyar, ya kai ƙasar ga 'yanci ranar 6 ga Maris 1957.

Yanzu ku buɗe ido sosai. Bayan Saltpond kaɗan, a ƙauyen Abandze, akwai wani tudu a hannun hagu, a kansa wani kango mai kaurin bango yana kallon teku. Yawancin motoci ba sa tsayawa, alhali a ganina ya cancanci tsayawa fiye da wurare da dama da aka fi tallatawa. Turawan Ingila ne suka gina shi wajen 1638, shi ne sansaninsu na farko a wannan gaɓa. A 1665 wani kwamandan jiragen ruwan Holan, De Ruyter, ya ƙwace shi, aka sa masa suna Amsterdam. Garin da ke kusa sunansa Kormantin. Saboda daga nan aka riƙa loda mutane, sai masu gonakin rake a Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan suka riƙa kiran duk bawan da ya fito daga wannan gaɓa da Koromanti. Suna ne da iyayengiji ke tsoro, domin Koromanti sun yi suna wajen tawaye. Babban boren bayi na Jamaika a 1760 wani mai suna Tacky ne ya jagorance shi, mutumin wannan yanki.

Ta yaya aka gane asalinsu bayan an raba su da komai? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce sunan rana. Akan na sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi, kamar yadda muke da Ɗanjuma da Jummai, Ɗanladi da Ladi, Talatu da Asabe. Kofi shi ne Ɗanjumansu, Kwame Ɗan'asabe, Kwadwo na Litinin. A takardun masu gonaki na Jamaika sai ga Cuffee da Cudjoe, wato Kofi da Kwadwo. An ƙwace musu ƙasa da dangi, sunan da uwa ta kira su da shi ya haye teku tare da su.

Anomabo na gaba. Ƙaramin garin masunta ne yau, kwalekwale jere a kan yashi, amma a ƙarni na 18 yana cikin manyan tashoshin cinikin bayi na gaɓar duka. Sansanin da ke nan Ingila ta fara gina shi a 1753. Abin da ya kamata ku sani shi ne Turawan ba su ne ke mulkin garin ba a lokacin. Haya suke biya ga sarakunan Fante, kuma attajiran garin ne dillalai tsakanin masu kawo bayi daga cikin ƙasa da jiragen da ke jira. Wannan ribar ce Asante suka ƙi yarda a ci gaba da ci a kansu, shi ya sa rundunarsu ta gangaro ta afka wa Anomabo a 1807, shekarar da majalisar Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin.

Garin ya haifi mutane biyu da ɗalibi ya kamata ya san su. Na farko James Kwegyir Aggrey, an haife shi a 1875, malamin da ya zama mataimakin shugaban kwalejin Achimota, wanda ya yi fafutukar karatun 'ya'ya mata tun lokacin da ba a damu da shi ba. Na biyu George Ekem Ferguson, mai safiyo da zana taswira. Shi ya bi tsohuwar hanyar a juye, daga teku zuwa arewa, yana ƙulla yarjejeniya da sarakuna da sunan Ingila, har aka kashe shi kusa da Wa a 1897. Siffar arewacin Gana da kuke gani a taswira akwai sawun ƙafarsa a ciki.

A Yamoransa za ku ga ƙunshe-ƙunshen ganye an jera su kamar dala a kan tebura. Dokono ne irin na Fante, tuwon masara mai tsami da aka naɗe da busasshen ganyen ayaba, yana kwanaki bai lalace ba. Da soyayyen kifi da barkono ake cinsa. Titin da ya yi hannun dama a wannan mararraba Kumasi ya nufa, kuma shi ne mafi nauyin tarihi a duk mararrabun da muka wuce. Kimanin kilomita 40 a kansa akwai Assin Manso, inda wani rafi yake da ake cewa a nan ake yi wa bayi wankan ƙarshe bayan doguwar tafiya daga arewa, kafin a kai su gaɓa a sayar. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar bayi, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a wurin.

Sai Cape Coast, wadda masu ita ke kira Oguaa, alamarta ƙaguwa. Ita ce hedikwatar Turawan Ingila har 1877 da aka mayar Akra. Gari ne na makarantu: Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, da Adisadel, da Wesley ta 'yan mata. Ranar komawa hutu titin nan cike yake da akwatunan ƙarfe a kan motoci.

Babban sansanin yana kan duwatsu a bakin ruwa, fari fat. Mutanen Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya tabbata ga Ingila. Daga sama wuri ne mai daɗin iska, ga igwa jere suna kallon teku, ga ɗakunan gwamna masu manyan tagogi. Sai mai yi muku jagora ya ce ku biyo shi ƙasa. Hanyar ta gangara cikin duhu zuwa kurkukun maza, ɗakuna na dutse da 'yan ƙananan kafofi can sama. A nan ake tara ɗaruruwan mutane makonni, wani lokaci watanni, ana jiran jirgi. Babu makewayi sai wata 'yar kwata a tsakiya. Zai nuna muku alama a jikin bango, iyakar inda dattin da ya daskare ya kai kafin masu binciken tarihi su haƙe shi. Wani jagoran kan kashe fitila na ɗan lokaci. Ko ajin da ya fi kowane surutu, a nan shiru yake yi. A saman wannan kurkuku daidai ɗakin ibadar Turawan yake. Daga can kuma sai wata ƙofa da ke fita bakin ruwa, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Idan aka buɗe ta yau, masunta za ku gani suna ɗinkin koma, yara na wasa a yashi. Shugaban Amurka Barack Obama ya tsaya a nan da iyalinsa a watan Yulin 2009.

Ɗalibi zai tambaya, ina namu a ciki? Hausawan da aka tsallaka da su teku yawancinsu ba ta nan suka fita ba. Ta Legas da Badagiri da Wida aka fi fitar da su, zuwa Bahia ta Barazil. Amma kada mu ɗauka mu 'yan kallo ne. Fatakenmu da ke zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga suke sauka, kuma a ƙarni na 19 Salaga kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi, a fili ɗaya. Sannan akwai sojoji. A Legas wani Bature mai suna Glover ya tara rundunar Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo. An kawo su wannan gaɓa a yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga irinsu aka kafa rundunar tsaron ƙasar a 1879. Da yawa ba su koma gida ba, suka yi aure suka zauna a zango. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana yawo a barikin soja da na 'yan sanda a Gana. A wannan hanya an sayar da namu, namu sun saya, namu kuma sun riƙe wa Bature bindiga.

Wanda ke da lokaci zai iya ratsewa arewa kilomita 30 zuwa gandun dajin Kakum, ya hau gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a ƙoƙuwar itatuwa. Mai jin jiri ya jira a ƙasa.

Daga Cape Coast zuwa Elmina bai fi kilomita 13 ba, kuma nan ne titin ya fi kyau: teku a hagu, kwakwa jere, masunta sun yi layi suna jan koma da waƙa. Tun daga nesa za ku hango sansanin. Ya girmi duk waɗanda muka wuce, domin a 1482 mutanen Fotugal suka gina shi ƙarƙashin Diogo de Azambuja, shekara goma kafin Kolumbus ya isa Amurka. Zinariya ce ta kawo su, irin wadda a da Wangarawa ke ɗauka su yi arewa da ita har ta haye Sahara. Sansanin ya juyo da wani kaso na wannan ciniki zuwa teku. Wani abin mamaki, a farkon lamari shigo da bayi ake yi nan, ba fitarwa ba. Fotugal kan sayo mutane daga yankin masarautar Binin ta sayar wa 'yan kasuwar Akan a karɓi zinariya. Sai da gonakin rake suka bunƙasa a ƙetaren teku sannan ɗakunan ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiyar mutane.

Ku dubi tudun da ke fuskantar sansanin, da wani ƙaramin sansani a kansa. A 1637 mutanen Holan suka ja igwa suka hau da ita can, suka yi ta ruwan wuta daga sama har Fotugal ta miƙa wuya. Da suka karɓi wurin sai suka gina wa tudun nasa sansanin, don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Sun riƙe Elmina har 1872 da suka miƙa wa Ingila. Mutanen garin da dama suka ƙi sabon maigida, aka kai sarkinsu Kobina Gyan Saliyo, aka kuma rushe tsohon garin da igwa a watan Yunin 1873. Filin da za ku gani fayau a gefen sansanin, nan garin yake. A wani ɗaki na sama kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can tsibirin Seshel, bai ga Kumasi ba sai 1924. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan sansanoni cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Akwai wata unguwa a Elmina mai suna tudun Java, kuma Java tsibiri ne a Indunusiya. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi mutum kusan 3,000 daga nan ta kai su aikin soja can. Da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka saya a Kumasi, aka ce su fanshi kansu da albashinsu. Waɗanda suka rayu suka dawo, a wannan tudu aka ba su filaye.

Kafin ku juya ku tsaya a kan gadar da ta haye bakin tafkin Benya. Ƙarƙashinku kwalekwale ne ɗaruruwa, kowanne da fenti da tuta da sunan da mai shi ya rubuta masa, ga mata da manyan kwanoni suna jiran kifi. Ranar Talata ce kawai za ku tarar da su a ɗaure, domin masuntan Fante ba sa shiga teku ran nan. Titin ya ci gaba zuwa Takoradi har iyakar Kwaddibuwa a Elubo. Mai komawa Akra kuwa ya kama hanya kafin la'asar, in ba haka ba a Kasoa zai yi sallar isha'i.